Hattara Da Rufe Mota Ruf A Daminar Jos

Yaran zamani in sun ji an ce tafi-da-gidanka, ba abin da zai faɗo musu a rai sai wayar da ke cikin aljihunsu. Amma tun kafin wayar ta zama ruwan dare a ƙasar nan daga shekarar 2001, Hausawa sun riga sun laƙaba wannan suna ga wata irin mota wadda aka ƙera da ɗaki a bayanta, da gado da murhu da tankin ruwa, wani lokaci har da makewayi. A shekarun 1970 da na 1980 irin waɗannan motoci ba baƙi ba ne a garin Jos. Turawa 'yan yawon buɗe ido sukan keto Hamada da su daga Aljeriya, su biyo ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram su shigo Kano, sa'an nan waɗansunsu su hauro Jos don su huta da zafi kafin su wuce Yankari ko Kamaru. Waɗansu a cikin ƙaramar Volkswagen ɗin nan mai suna Kombi suke zuwa, waɗansu a Land Rover, waɗansu kuwa a manyan motocin kaya da aka mai da su gidaje. Wannan hanya ta mutu a farkon shekarun 1990, sa'ad da fitina ta tashi a Aljeriya da arewacin Nijar.

Yau da wuya mutum ya ga irin wannan mota a kan titi, amma danginta suna nan birjik. Akwai motar asibiti mai yawo ƙauyuka, da motar ɗaukar marasa lafiya, da bas ɗin makarantu da na ƙungiyoyin addini, da motocin yaƙin neman zaɓe waɗanda ba a tunawa da su sai bayan shekara huɗu, da kwantenar da aka mayar ofis ko ɗakin maigadi. Dukansu abu guda ya haɗa su da tafi-da-gidanka, watau akwati ne na ƙarfe wanda aka cika da soso da yadi da katako, kuma yakan yi watanni ba a buɗe shi ba. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 kuma, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, motocin gida ma sun shiga wannan sahu. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta kai wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura Naira 1,000. Magidanta da yawa suka jingine manyan motocinsu a tsakar gida suka koma hawan Keke Napep, da niyyar sai al'amura sun yi sauƙi. Filin na wannan mako zai duba abin da ke samun irin wannan mota a Jos in an ajiye ta, da yadda za a tsare ta.

A ɗauka ga wani ma'aikaci, haifaffen Kano, wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Jos. A watan Yuni aka tura shi kwas na wata huɗu. Da yake mutum ne mai tattalin kayansa, sai ya yi wa motarsa abin da ya taso ya ga ana yi. Ya sa aka wanke ta ciki da waje har da dardumar ƙasa, ya ɗaga gilasai duka, ya kai ta ƙarƙashin bishiyar mangwaro don inuwa, ya lulluɓe ta da tamfal na leda ya ɗaure tam da igiya. A Kano wannan dabara tana da hujjarta, domin abokan gaban mota a can rana ce da ƙura. Amma ranar da ya dawo a watan Oktoba ya buɗe ƙofa, wari ne zai fara yi masa maraba. Zai tarar sitiyari ya yi fari kamar an barbaɗa masa gari, bel ɗin kujera ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, rufin ciki ya saki ya yi tumbi, kujeru sun yi kore. In ya ɗaga darduma zai ga tsatsa ta fara cin ƙarfen ƙasa. Ba ɓarawo ya shiga ba, ruwan sama ma mai yiwuwa ko ɗigo bai shiga ba. Da hannunsa ya kulle ɓarnar a ciki.

Abin da ke ruɗin baƙo a Jos shi ne sanyi. Mutumin Kano ko Sakkwato ya saba da cewa sanyi da bushewa tare suke tafiya, domin ba ya jin sanyi sai da hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa, wanki kuma ya bushe kafin a gama shanya. Jos ba haka take ba. Garin yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga teku, watau wajen ƙafa 4,000, duwatsun Shere da ke gabas da shi kuwa sun haura mita 1,700. Iskar damina in ta taso daga kudu maso yamma ta ci karo da wannan tudu, sai ta hau, ta yi sanyi, ta sauke ruwan da ta ɗauko. Shi ya sa Jos takan sami ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, abin da ya ɗara na Kano nesa ba kusa ba. Ruwa yakan fara tun watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba. A watannin Yuli da Agusta kuwa, lokacin marka, akan wuni a kwana ana yayyafi, gajimare ya sauko har kan rufin gidaje, rana ta yi kwanaki ba ta fito sosai ba. Sanyin wannan lokaci jiƙaƙƙen sanyi ne. Matan Jos sun san shi sarai, domin su ne suke ganin takalmin fata ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado, ashana ta ƙi kamawa, gishiri ya narke a kwano.

Wanda ke son ya ga bambancin nan da idonsa, sai ya ziyarci gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a shekarar 1952. A gefensa akwai filin da aka gina kwatankwacin gine-ginen gargajiya na ƙasar nan, ciki har da ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya, aikin da wani masanin gini ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya jagoranta a shekarun 1970. Ginin ƙasa ne irin wanda ya daɗe yana tsaye a garuruwansa na asali, amma da aka kawo shi Jos sai ruwa ya sa shi gaba, ya zama kullum yana bukatar yaɓe da gyara. Ginin bai canza ba, magina kuma ba su yi ha'inci ba. Wurin ne ya canza. Abin da ya sami ganuwa shi ne ke samun dabarar ajiyar mota in an ɗauko ta daga Kano aka kawo Filato ba tare da an gyara mata zama ba.

To, daga ina ruwan ke fitowa a cikin motar da aka rufe ruf? Amsar tana cikin halin iska. Iska tana ɗauke da ruwa wanda ido ba ya gani, kuma gwargwadon zafinta gwargwadon abin da za ta iya ɗauka. In aka auna iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, a zafin digiri 40 tana iya riƙe giram 51 na ruwa. A digiri 30 giram 30 kawai za ta iya, a digiri 17 kuwa, watau irin sanyin daren Agusta a Jos, ba za ta riƙe fiye da giram 14 da rabi ba. Duk abin da ya ƙaru a kan haka tilas ta sauke shi. Wannan shi ne asalin raɓar da ake gani a kan ciyawa da asuba, shi ne kuma gumin da kwalbar lemo mai sanyi ke yi in an fito da ita daga firji.

Yanzu sai a dubi motar da aka rufe. Da rana, ko da hasken na awa biyu ne, cikinta yakan yi zafi ƙwarai, har ya wuce digiri 40. Iskar ciki mai zafi sai ta tsotso ruwan da ya ɓuya a cikin soson kujera da darduma da katifa. Da dare ƙarfen rufi da gilashi su ne suke fara yin sanyi, sai iskar ta sauke ruwan nan a jikinsu, ya taru, ya gangaro ta bayan rufin ciki da jikin ƙofofi, ya koma inda ya fito, ko ma ya isa inda bai taɓa zuwa ba. Gobe a sake. Mota ta zama ƙaramar duniya mai daminarta, ruwa guda yana hawa yana sauka har kwana ɗari, ba shi da ƙofar fita. Tamfal na leda yana ƙara dagula al'amari, domin yana tare damshin da ke tasowa daga ƙasa ya riƙe shi a jikin fenti, in iska ta kaɗa kuma ya riƙa goge fentin da ƙurar da ta maƙale.

Ita kuwa fumfuna wata halitta ce mai rai, dangin naman kaza. Irinta ƙanana ne ƙwarai, suna yawo cikin iska ko'ina, ba ɗakin da babu su, ba motar da babu su, saboda haka batun hana su shiga bai ma taso ba. Abinci kuma ba ya yi musu wuya. Ƙura, da maiƙon hannu da ke jikin sitiyari, da ɓarɓashin ƙuli-ƙuli ko biskit da yara suka zubar, da fata, da auduga, da manne, da katako, duk cimarsu ne. Abu guda kaɗai mai mota ke da iko a kansa, shi ne ruwa. Masana suna auna laimar iska da kashi cikin ɗari. In ta tsaya ƙasa da kashi 60 fumfuna ba ta samun sukuni, in kuwa ta haura kashi 70 ta zauna a nan kwanaki, sai ta fara tsiro. A lokacin marka laimar Jos takan wuce kashi 80. Kayan da suka jiƙe sharkaf kuwa, kwana ɗaya zuwa biyu ya ishe ta ta kama su.

Tafi-da-gidanka ta fi kowace mota shiga wannan haɗari, saboda yadda aka gina ta. Bangonta ba ƙarfe zalla ba ne. Falle-falle ne aka manne, na waje gorar ruwa ko roba mai tauri, na tsakiya soso ko katako, na ciki filawud. Rufinta shimfiɗaɗɗe ne, an huda shi wuri-wuri don tagar sama da bututun iska da eriya, kowane huji kuma da manne aka toshe gefensa. Manne yana tsufa. Ranar Jos tana da kaifi saboda tsayin wurin, hunturu yana busar da roba ya tsattsage ta, ƙanƙarar da kan faɗo da ruwan farko kuma tana iya fasa murfin tagar sama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da ba ta kai kaurin allura ba ta isa ta shigar da ruwa tsakanin falle da falle, inda ba mai ganinsa, katako ya riƙa ruɓewa a ɓoye har sai ranar da mutum ya taka daɓen motar ya ji ya lotsa. Ban da wannan, zama a cikinta kansa yana haifar da ruwa. Mutum guda yakan fitar da abin da ya kai kofi ɗaya ta numfashi da zufa a dare guda, kowane kilo na iskar gas da aka ƙona a murhu kuma yana sakin fiye da lita ɗaya da rabi na ruwa a cikin iska. Iyalin da suka yi mako guda suna kwana suna girki a ciki, suka dawo suka kulle ta nan take, sun ajiye ta da guzurin ruwanta.

Saboda haka aikin farko, wanda ya fi sauran duka muhimmanci, shi ne a busar da mota kafin a ajiye ta. Wanki ba laifi ba ne, tilas ma a share ta a goge sitiyari da hannuwan ƙofa da kujeru don a rage wa fumfuna abinci. Laifin shi ne a wanke yau a rufe yau. Ƙarƙashin dardumar mota akwai wani kauri na tsumma ko soso wanda in ya sha ruwa yakan yi mako bai bushe ba, alhali saman darduma ya bushe ƙayau yana yaudarar hannu. Masu wankin mota da ke watsa ruwa da tiyo a cikin mota suna jawo wa masu ita hasarar da ba za ta bayyana ba sai bayan wata biyu. A ɗaga darduma a sa hannu a ji. A duba ramin da ake ajiye safayar taya a but, domin nan ruwa ya fi son kwanciya. In da hali a zaɓi ranar da rana ta fito sosai, a buɗe ƙofofi duka daga hantsi zuwa la'asar, a maimaita kwana biyu ko uku.

Duk abin da ke shan ruwa kuma ana iya ɗauke shi, a fitar da shi. Katifa, da matasan kai, da labule, da barguna, da sallaya, da tabarmin ƙafa, da littattafai, a kai su cikin gida inda mutane ke shige da fice. In katifar ba ta fita, a tayar da ita tsaye a gefenta, domin ƙarƙashin katifa, inda ta haɗu da katako mai sanyi, nan fumfuna ta fi fara kamawa. A buɗe ƙofofin kabad da durowa. A kwashe abinci kaf, har da gishiri da sukari, don kada a gayyato ɓera da tururuwa su zo su ƙara nasu. A kashe firji, a goge shi, a sa wani abu a tokare ƙofarsa ta zauna a buɗe. A zubar da ruwan tanki da na bututu da na makewayi, a rufe tukunyar gas a fitar da ita.

Sa'an nan a bi hanyoyin ruwa. Kowace mota an yi mata ƙananan magudanai, a ƙarƙashin ƙofofi, da gindin gilashin gaba, da kusurwoyin tagar rufi in tana da ita. Ganyen mangwaro da na bishiyar turare, wadda ta cika unguwannin Jos, su ne suke toshe su, ruwa ya rasa hanya ya juyo ciki. Wannan ɗaya ne daga dalilan da suka sa gindin bishiya ba wurin ajiyar mota ba ne da damina. Ɗaya dalilin kuwa shi ne bishiya takan ci gaba da ɗiga bayan ruwa ya ɗauke, ta kuma tare ranar da za ta busar da motar. Hanyar gane yoyo mai sauƙi ce. Mutum ɗaya ya zauna a ciki da tocila, wani ya riƙa zuba ruwa a hankali daga ƙasa zuwa sama, wuri bayan wuri. Robar ƙofa ko ta gilashi da ta mutu ana samun madadinta a wurin masu kayan gyara na Dilimi, makanikan Farar Gada kuma sun san aikin. Lokacin da ya dace da wannan gyara shi ne Fabrairu da Maris, kafin ruwan farko, sa'ad da komai ya bushe kuma manne zai kama da kyau.

Wurin ajiya mafi kyau shi ne rumfa mai rufin kwano wadda gefunanta ke buɗe, a kan daɓen siminti ko tsakuwa. Rufi ya tare ruwa, iska kuma ta ratsa. Garejin da aka toshe ko'ina, wanda bangonsa ke rima, yana iya fin waje muni. Kada a ajiye mota a kan ciyawa ko jar ƙasa, musamman a unguwannin da ke kusa da rafi ko tsofaffin kududdufan haƙar kuza irin na wajajen Bukur da Rayfield. In ba makawa sai a ƙasa, to a shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashin motar, nan ne leda ke da amfani. Tafi-da-gidanka kuma a ɗan karkata ta kaɗan don kada ruwa ya kwanta a rufinta. Wanda ba shi da rumfa sai tamfal, ya kafa sanduna ya ɗaga shi sama kamar laima, ya bar tazara tsakaninsa da rufin motar, kada ya sauko da shi har ƙasa.

Akwai wani wuri da mutane kan rikice, har masu ba da shawara ma sukan saɓa wa juna. Wani ya ce a bar taga a buɗe, wani ya ce a rufe a sa maganin tsotse laima. Kowannensu yana da gaskiya, amma ba a haɗa su a lokaci guda. Wanda ya buɗe taga kuma ya ajiye maganin tsotse laima a kan kujera, ya ɗora wa maganin aikin busar da Jihar Filato ne baki ɗaya, cikin kwana kaɗan zai cika ya daina aiki. Hanya ta farko ita ce ta iska, watau a bar ƙananan kafofi biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, ko ɗaya ƙasa ɗaya sama, masu faɗin yatsa, a sa musu raga saboda ɓera da ƙwari, a tabbata feshin ruwa ba ya kai gare su. Wannan ba zai sa cikin motar ya fi waje bushewa ba, amma zai karya hawa da saukar ruwan nan da aka bayyana a baya, zai kuma hana iska tsayawa cik, abin da fumfuna ta fi so. Ƙaramar fanka mai aiki da hasken rana in an ɗora ta a kafar rufi tana ƙara taimakawa. Hanya ta biyu ita ce a rufe ko'ina a sa na'urar tsotse laima mai aiki da lantarki. Ita ce ta fi ƙarfi, sai dai tana bukatar wutar da ba ta yankewa da mai zubar da ruwan da ta tara, abubuwa biyu da ba kowane gida ke da tabbacinsu ba. Ga yawancin mutanen Jos hanyar iska ta fi dacewa, a bar maganin tsotse laima ga ƙananan wurare da ake iya rufewa, kamar akwatin takardu ko kabad ɗin kayan lantarki.

Maganin nan iri biyu ne aka fi sani. Akwai ƙwayoyin silika, irin waɗanda ake gani cikin 'yar jaka a kwalin sabon takalmi, waɗanda ke iya shan ruwan da ya kai sulusin nauyinsu, in sun ƙoshi kuma a gasa su a hankali su koma aiki. Akwai kuma wani farin gishiri mai suna kalsiyam kulorayid, wanda ke shan fiye da nauyinsa har ya narke ya zama ruwa. Wannan ruwa yana cin ƙarfe, saboda haka a sa shi cikin roba mai zurfi inda ba zai kife ba, a kuma nisanta shi daga yara. Gawayi, wanda mutane da yawa suka yarda da shi, yana rage wari, amma ruwan da yake sha bai taka kara ya karya ba. Haka shinkafa da gishirin miya. Turaren wuta kuwa rufa-rufa ne kawai, ƙamshi a sama ruɓa a ƙasa. Mafi muni shi ne a kunna risho ko kaskon gawayi a cikin mota wai don a busar da ita. Kowace litar kananzir da ta ƙone tana sakin kusan lita guda ta ruwa, ga haɗarin gobara, ga kuma iskar guba marar wari da wuta ke fitarwa a rufaffen wuri, wadda ke kashe mutum yana barci. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Duk dabarun nan ba su kai ziyara ba. Motar da aka ajiye tana bukatar wanda zai leƙa ta ko da sau ɗaya a mako, kuma wanda zai yi tafiya ya kamata ya bar makulli a hannun amintacce, ya gaya masa abin da zai yi dalla-dalla. Ranar da rana ta fito ya buɗe ƙofofi na awa biyu da tsakar rana, ba da asuba ko da almuru ba, lokacin da iska ta fi laima. Ya shinshina, ya shafa rufin ciki da ƙarƙashin darduma. Akwai ɗan ƙaramin ma'aunin laima mai aiki da batir, ba shi da tsada, in an rataye shi a ciki zai faɗi gaskiyar da hanci bai kai ga ganewa ba tukuna. In motar tana tashi, a fita da ita a yi tafiyar rabin awa da na'urar sanyaya iska a kunne, domin na'urar tana tsotse ruwan iska ta zubar da shi ƙasa. Kafin a tsaya da 'yan mintoci a kashe sanyin a bar fanka kaɗai tana hurawa, don cikin na'urar ya bushe. Tayar da inji na minti biyar a tsaye ba ya amfanar komai, tayar da shi a rufaffen gareji kuwa ganganci ne da rai. Kada a ja birkin hannu na tsawon watanni, tsatsa takan manne shi, gara a sa dutse ko katako a tare taya. A cire kan batir.

In kuwa aikin gama ya gama, an buɗe mota an tarar ta yi fumfuna, to kada a faɗa ciki da buroshi ana karkaɗewa, domin haka yana tayar da irinta ne ya cika iska, mai aikin ya shaƙa. A fito da motar fili, a buɗe ƙofofi ta sha iska, a rufe hanci da baki da takunkumi mai kyau, a sa safar hannu. A goge da tsumma mai damshi da ruwan sabulu, a bi da ruwan khal, a shanya a rana har ya bushe sarai. Sinadarin wanki mai sa fari, irin su Hypo da Jik, yana aiki a kan roba mai tauri da daɓe, amma yana ɓata yadi da fata, yana kuma raunana bel ɗin kujera, wanda ran mutum ke rataye a kansa ranar hatsari. Kada a kuskura a haɗa shi da ruwan khal ko wani sinadari, haɗin yana fitar da iska mai guba. Soson da fumfuna ta ratsa cikinsa ba ya wankuwa, sai dai a kai wa masu kushin su sake sabo. A canza matatar iskar cikin mota in tana da ita. In kuma ba a gano inda ruwan ya fito an toshe ba, bayan mako uku za a sake ganin abin da aka goge.

Batun bai tsaya ga kuɗi ba. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan rima da fumfuna a cikin gine-gine, inda ta nuna cewa zama a irin wannan wuri yana da alaƙa da tari da mura da tashin ciwon asma. Mota kuwa ta fi ɗaki ƙunci. Akwai wani jinsin fumfuna mai suna Aspergillus wanda mai lafiya ke shaƙa kullum ba abin da zai same shi, amma yana iya kafa sansani a huhun wanda tarin fuka ya taɓa yi wa illa, ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Irin waɗannan mutane, da masu asma, da ƙananan yara, bai kamata a sa su aikin goge fumfuna ba, bai kuma kamata a ɗauke su a motar ba sai warin ya tafi gaba ɗaya. A nan ne ya wajaba hukumomi su dubi kansu. Abin takaici ne a sayi motar ɗaukar marasa lafiya da kuɗin jama'a, a yi bikin ƙaddamar da ita, sa'an nan a jingine ta a gindin bishiya damina biyu saboda rashin batir ko taya, ranar da aka tashe ta kuma a kwantar da mai ciwon ƙirji a cikinta. 

Mai niyyar sayen motar da ta daɗe a ajiye, ko tafi-da-gidanka ko bas ko ta gida, shi ma yana da abin lura. Motocin da aka jingine tun 2023 suna fitowa kasuwa, ga kuma na gwanjo da ake shigowa da su daga Amurka, inda guguwa irin ta Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017 suka nutsar da dubban ɗaruruwan motoci, waɗansunsu kuma aka gyara su aka sayar a ƙasashen waje. Ya je duba motar da sassafe kafin dillali ya buɗe ta ta sha iska. In ya ga gumi a cikin gilashi, ko ya ji ƙamshin turare ya yi yawa, ya tambayi dalili. Ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa ya duba ko akwai tabo, ya leƙa ƙarƙashin kujera ya ga ko ƙusoshi da dogayen ƙarafan da take gudu a kansu sun yi tsatsa, ya ɗaga safayar taya. In tafi-da-gidanka ce, ya danna bango da babban yatsa a gefen kowace taga da kusurwoyin rufi, ya taka daɓen tun daga ƙofa har ƙurya. Duk inda ya lotsa, katakon da ke ciki ya riga ya ruɓe, gyaransa kuma sai an ɓamɓare bangon gaba ɗaya.